Toshewar Hanci: Abin da Ke Kawo Ta da Yadda Ake Magance Ta a Gida

Mutane da yawa sun ɗauka majina ce kaɗai ke toshe hanci, shi ya sa za ka ga mutum yana ta fyacewa har hancin ya yi ja, amma numfashi bai buɗe ba. Galibi kumburi ne. Cikin hanci akwai tattausar fata mai cike da ƙananan jijiyoyin jini. Idan wani abu ya dame ta, jijiyoyin sai su cika, fatar ta kumbura, hanyar iska ta matse. Don haka aikin shi ne a gano abin da ke damun fatar, a wanke shi, a bar kumburin ya saɓe.

Mura ce kan gaba. Ƙwayar bairos ke kawo ta, kuma takan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa sai a ƙara da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙaiƙayin gero da dawa lokacin sussuka, hayaƙin kara da ɗanyen itace a madafa, turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki. Wanda jikinsa bai jitu da ƙura ba ana gane shi da atishawa a jere, majina tsararo kamar ruwa, da ƙaiƙayin ido, ba tare da zazzaɓi ba. Mai juna biyu ma hancinta kan toshe babu mura, ya kuma buɗe bayan haihuwa.

Toshewar hanci ba ƙaramar wahala ba ce. Mai ita yana numfashi ta baki, maƙogwaro ya bushe, minshari ya ƙaru, barci ya gagara, abinci ya rasa ɗanɗano saboda ba ya jin ƙanshi. Kunne ma kan toshe, domin akwai 'yar hanya tsakanin bayan hanci da kunne, kuma ta nan ciwon kunne ke kama yara. Wanda ya fi shan wuya shi ne jariri, don a watanninsa na farko da hanci yake numfashi: sai ya kama nono ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa.

Maganin farko ruwan gishiri ne, kuma awon shi ne komai. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. A zuba gishirin girki ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafaffe ba tsororo ba, a motsa har ya narke sarai. Gishiri in ya yi yawa yana yin raɗaɗi, in ya yi kaɗan ma haka. Kada a sa kanwa, ƙona fatar hanci take yi. Kada kuma a ɗebo ruwan rijiya ko na kududdufi a shaƙa ba a tafasa ba. A rufe a mazubi mai tsabta, abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo.

Babba zai wanke hannu, ya zuba ruwan a tafinsa, ya sunkuya ya shaƙa a hankali ta ƙofa ɗaya kamar yadda ake yi a alwala, ya bar shi ya zubo. In da sirinji na mililita 10 ko 20, sabo kuma marar allura, ya fi kaiwa ciki: a sunkuya, a karkata kai gefe, a buɗe baki, a tura ruwan a hankali ta ƙofar da ke sama, ya fito ta ta ƙasa. Sau 2 zuwa 3 a rana ya isa, musamman bayan dawowa daga gona ko masussuka. Mai azumi ya bari sai ya sha ruwa. Wajen fyacewa a toshe ƙofa ɗaya, a fyace ɗayar ba da ƙarfi ba, domin ƙarfin kan tura majina kunne.

Jariri ɗigo ɗaya zuwa biyu ake sa masa a kowace ƙofa, jim kaɗan kafin shayarwa, sannan a goge abin da ya fito da tsumma mai laushi. Kada a shafa man zafi a hancin yaron da bai kai shekara biyu ba, kada kuma a ɗura masa mai ko wani jiƙo. Mai jego ta nisanta shi daga hayaƙin wutar ɗaki. Garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa.

Sirace yana ba babba sauƙi na ɗan lokaci, minti 5 zuwa 10 da ruwan zafi zalla. Yara ban da su, ƙunar ruwan zafi ta fi toshewar hanci muni nesa ba kusa ba. A yawaita shan ruwa da kunu mai ɗumi, a ɗaga kai da matashi lokacin kwanciya, a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci da takunkumi ko bakin rawani wajen sussuka.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kemis. Maganin ɗigawa a hanci mai sinadarin xylometazoline ko oxymetazoline yana buɗe hanci cikin mintoci, domin matse jijiyoyin yake yi. Amma in an wuce kwana 3 zuwa 5 ana sa shi, da zarar ƙarfinsa ya ƙare sai hancin ya kumbura fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa, a haka har ya kasa barci sai da kwalbar. Mafita ita ce a daina, a koma ruwan gishiri, a jure mako ɗaya ko biyu na wahala. Ƙwayoyin mura masu pseudoephedrine suna tayar da hawan jini, mai hawan jini ya guje su. Chlorpheniramine yana sa barci, direba da ɗan acaɓa su kiyaye. Kafso na kashe bakteriya kuwa ba ya taɓa bairos, kuma majina ta zama kore ba hujja ba ce ta shan sa.

A nufi asibiti idan toshewar ta wuce kwana 10, ko ta lafa ta dawo da zazzaɓi da ciwon kumatu ko goshi, ko gefen ido ya kumbura. Yaro a ƙirga numfashinsa minti guda yana kwance shiru: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar, alama ce ta ciwon huhu. Majina da jan ido da tari da zazzaɓi na iya zama farkon ƙyanda. Majina mai jini tare da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya kan nuna mashaƙo, wanda ya yi wa Kano ɓarna sosai a 2023, kuma ba a kwana da shi a gida. Toshewar ɓangare ɗaya da ta daɗe a babba tana buƙatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse.

Yaron da ƙofar hancinsa ɗaya kawai ke zubar da majina mai wari, a yi zargin ya cusa wake, gyaɗa ko dutsen ado. Kada a sa tsinke ko ashana, ƙara tura shi ciki ake yi, kada kuma a zuba ruwa, domin wake kumbura yake. A kai shi a cire da kayan aiki. In ƙaramin batirin agogo ne, a tafi nan take ko da dare ne, domin cikin 'yan sa'o'i yake cinye naman hanci.