Darasi na 9: Gwajin Wutar Zuciya

Duk mai babur ya san wannan. Tun safe babur yana wata ƙara, ka tura shi gareji, da bakanike ya tayar da shi sai ƙarar ta ɗauke. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ce ƙarya kake yi ba. Hawa zai yi, ya ba shi wuta, ya bi da shi hanya mai gargada har ƙarar ta dawo. A nan ne zai san inda zai sa sifana.

Akwai ciwon zuciya mai irin wannan hali. Mutum yana zaune lafiya lau, sai zuciyarsa ta kama gudu kamar za ta faso ƙirji, bayan minti goma ta koma daidai. Kafin ya isa asibiti komai ya wuce. A gida wannan ya ce faɗuwar gaba ce, wancan ya ce tunani ne, gwaggo ta ce iska ce a nemo hayaƙi. Sau da yawa kuwa matsalar a wayoyin wutar zuciya take.

Zuciya da wutarta

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ba ta bugawa sai wuta ta ratsa namanta, kuma ita take haɗa wutar da kanta. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke kunna wutar sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan babba yana hutawa. Wutar ta bazu a ɗakunan sama su matse, su tura jini ƙasa. Daga nan ta isa wata mahaɗa a tsakiyar zuciya, inda ake ɗan tsayar da ita don ɗakunan ƙasa su cika. Sannan ta bi wasu siraran hanyoyi zuwa ɗakunan ƙasa, su matse, jini ya tafi huhu da sauran jiki. Haka take yi kusan sau 100,000 kowace rana, ba ka ce mata ta yi ba.

Idan mahaɗar ta gaji, wuta ba ta wucewa da kyau, bugu ya yi jinkiri, mutum ya riƙa jin jiri ko ya suma. Wani kuma an haife shi da ƙarin hanya guda. Wuta ta sauka ta hanyar gaskiya, ta hau ta ƙarin, ta yi ta zagaye kamar ɓera a cikin randa. Bugu yakan kai 150 har 250 a minti. Irin wannan yakan fara farat ɗaya, ya tsaya farat ɗaya. Akwai kuma wanda ɗakunan sama ke rawa kawai ba sa matsewa, bugu ya zo ba tsari. Wannan ya fi kama tsofaffi, da masu hawan jini, da waɗanda ƙofofin zuciyarsu suka lalace. Haɗarinsa shi ne jini ya daskare a zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Amma kada kowa ya tsorata. Zazzaɓi yana sa zuciya sauri. Haka ƙarancin jini, da juna biyu, da wani irin ciwon maƙoƙo, da yawan goro ko shayi mai kauri. Shi ya sa likita ba ya fara da babban gwaji.

Gwajin da ke hannunka

Ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Danna kaɗan har ka ji bugu. Kada ka yi da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Dubi agogo ko waya, ka ƙirga har minti ɗaya cif. Ka lura kuma: yana zuwa a jere, ko yana tsallake?

Nan karatun da muke yi zai yi maka rana. Duk lokacin da abin ya taso, ka rubuta a littafinka, kamar haka:

Talata, 4:20 na yamma. Ina zaune. Bugu 170. Ya yi minti 15. Na ji jiri.

Ni a ganina, layi biyar irin wannan sun fi wa likita amfani da awa guda ana cewa “wallahi likita abin ba daɗi.”

A asibiti za a fara da ECG, wato zanen wutar zuciya a takarda. Ana manna abubuwa goma a jiki, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Na’urar ba ta sa maka wuta, taka take saurara. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ne ya kafa wannan aiki, har aka ba shi lambar Nobel a 1924. Ana yin ECG a manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika. Aibinsa ɗaya: daƙiƙa goma kawai yake ɗauka. In ciwon bai taso a cikin daƙiƙun nan ba, takarda za ta fito tas. Don haka akan rataya wa mutum ƙaramar na’ura mai suna Holta, ya tafi gida da ita awa 24 ko 48, ya yi harkokinsa tana rubutawa. Wani ciwon kuma sai ya yi wata bai leƙo ba, ita ma ya kuɓuce mata.

Idan ciwo ya ƙi fitowa, sai a tsokano shi

Wannan shi ne gwajin wutar zuciya daga ciki. Likitoci suna ce masa EP. Ba a tsaga ƙirji. Ana yin sa a wani ɗaki mai kama da na tiyata, mai na’urar hoton ƙashi. Za a aske saman cinya, wurin da take haɗuwa da mara, a wanke, a yi allurar kashe zafi a wurin. Akan ba da maganin da ke kwantar da jiki, amma yawanci mutum yana jin maganar mutane. Sai likita ya zura wasu siraran wayoyi masu laushi, kamar biyu zuwa huɗu, ta jijiyar jini, yana kallon su a allo har su isa cikin zuciya. Cikin jijiya ba ya jin taɓi, saboda haka tafiyar wayar ba ta da zafi.

Wanda ya fara gwada zura irin wannan abu har zuciyar ɗan Adam, a kansa ya gwada. Wani matashin likita ne Bajamushe, Werner Forssmann, a 1929. Ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don ya nuna ya kai zuciya. A lokacin faɗa ya sha. A 1956 aka ba shi Nobel. Dabarar tsokano ciwon kuwa, likitoci a Amstadam da Faris suka fara ta a 1967.

Da wayoyin sun zauna, aiki biyu suke yi. Suna saurare, suna auna lokacin da wuta ke ɗauka daga wannan wuri zuwa wancan. Suna kuma aika ’yar wuta kaɗan don su sa zuciya ta yi sauri da gangan. Wannan ne hawan babur ɗin bakanike. Za ka ji bugun nan da ka saba ji a gida ya taso. Kada ka firgita, shi ake nema, kuma likita yana da hanyar tsayar da shi nan take. Ka dai faɗi abin da kake ji. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa huɗu.

In an gano wurin da wuta ke kaucewa, sau da yawa a zaman nan ake gyarawa. Ana ɗumama bakin waya a ƙona ɗan wurin, ko a daskarar da shi da sanyi, hanyar ɓarnar ta toshe. In kuma an ga mahaɗar ce ta gaji, sai a yi maganar batirin zuciya, wanda ake dasawa ƙarƙashin fata a saman ƙirji.

Karanta wannan da babbar murya:

“Inna, gobe ba ci ba sha daga tsakar dare.”
“To, ɗan nan. Maganina na safe fa?”
“Likita ya rubuta wanda za ki sha da wanda za ki bari. Ga takardar.”
“Jiƙon nan da nake sha, shi ma sai na faɗa?”
“Shi ma, Inna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Yaron nan ya yi daidai. Akan hana ci da sha awa shida zuwa takwas kafin gwajin. Wasu magungunan bugun zuciya suna ɓoye ciwon, masu tsinka jini kuma suna sa zubar jini, amma kada ka daina ko ɗaya da kanka sai likita ya ce. Mace mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, lallai ta faɗa, saboda hasken na’urar hoto. Za a ba ka takarda ka sa hannu. Ka tambayi haɗarin kafin ka sa. Wanda aka fi gani shi ne kumburi ko tarin jini a cinya. Gudan jini, da rauni a bangon zuciya, da lalacewar mahaɗa har a buƙaci batiri, suna faruwa amma ba kasafai ba.

Bayan an zare wayoyin ana danne wurin, ka kwanta a miƙe awa huɗu zuwa shida ba ka lanƙwasa ƙafar ba. Da yawa suna komawa gida ranar ko washegari. Kada ka tuƙa kanka. Kamar mako guda ban da ɗaukar buhu, ban da jan guga, ban da daka. In wurin ya ɓalle da jini, ka kwanta, a danne da ƙarfi, a kai ka asibiti. Haka in ƙafar ta yi sanyi ko ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙirji ya riƙe.

Wuraren da ake yin wannan gwaji kaɗan ne a Afirka ta Yamma, kuma yana da tsada. Kada a sayar da gona a kan jita-jita. A fara ganin likitan zuciya a asibitin koyarwa, da littafin rubutu a hannu. Wanda bugunsa ya zo da suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, wannan ba ya jiran ranar kilinik. A tafi sashen gaggawa.

Aikin gida

Ƙirga bugun hannunka da asuba kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka sake ƙirgawa bayan ka yi tafiya mai sauri. Rubuta rana, da lokaci, da lambar, kwana uku a jere. Ka ƙirga na mutum ɗaya mafi tsufa a gidanku, ka rubuta ko nasa yana tsallake. Ka zo da littafin aji na gaba.