Yadda za ka gane kalmar lixiviation da tokar murhun gidanku

Wani ɗalibina a wata makarantar ƙauye da ke gefen Ringim ya tsinto kalmar nan a tsohon littafin kimiyyar sinadarai, ya zo yana ta karya harshe. Na ce masa ya kwantar da hankali, abin da kakarsa ke yi a bayan ɗaki ne duk ranar da kanwa ta ƙare a gida. Ana furta ta kamar liksibiyeshin, ma'anarta kuwa bi da ruwa ta cikin wani abu busasshe don ya kwaso sinadarin da ke narkewa, ya bar wanda ba ya narkewa. Asalinta Latin ne, daga lixivium, wato ruwan toka.

Da farko nemi toka mai tsabta, ta karan gero ko na dawa. Kada ka ɗebo inda aka ƙona leda ko roba.

Sai tukunyar ƙasa wadda gindinta ya hude. Shimfiɗa tsumma ko busasshiyar ciyawa a ciki, ka cika ta da toka, ka ɗan danna, ka ɗora ta a kan wani kasko. Tukunyar alminiyam dai a'a, ruwan toka na cin ta.

Yanzu zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ka koma gefe ka jira. Nan ne kalmar take zaune. Ruwan da ke ɗiga ƙasa zai fito launin shayi, in ka murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu za ka ji santsi kamar sabulu. Wanke hannun nan take, kuma kada ya kusanci ido. Abin da ruwan ya kwaso yawancinsa potassium carbonate ne. In kana son shaida, tsoma ɗan ruwan zoɓo a ciki, ka ga jan ya juye ya nufi kore. Haka zoɓo ke yi in ya gamu da alkali, wato sinadari kishiyar asid irin wannan ruwan toka.

Wannan alkali kan sa 'yan aji dariya, wai mai shari'a ya shigo darasi. Ba danginsu ɗaya ba. Alƙalin kotu daga Larabcin alƙadi ya zo, na sinadarai kuwa daga alƙalyu, tokar tsirrai. Daga tushen nan ne aka samo kalium, sunan potassium na Latin, shi ya sa alamar potassium ta zama K. Turawa su ma a da tafasa ruwan tokar suke yi a tukunya har ya ƙafe, suka kira abin da ya rage potash, toka ta tukunya ke nan. Daga dangin potash ɗin masanin kimiyya Humphry Davy ya ware potassium da wutar lantarki a Ingila a 1807. Kai ma tafasa naka ka ga ɓawon da zai kwanta a gindi. Kada ka ce kanwa ce: aikinsu a miyar kuka ya yi kama, amma kanwa sodium ce ke cikinta.

Saura amfani da kalmar. Aikin shi ne lixiviation, aikatau ɗin lixiviate, ruwan da aka aika ya yi kwasar kuma lixiviant. Masu haƙar ma'adinai sun fi kowa riƙe ta ƙarshen nan, domin da ruwan sayanayid ake fitar da zinariya daga niƙaƙƙen dutse tun da aka fito da dabarar a birnin Gilasgo na Birtaniya a 1887. Wannan guba ce, ba abin gwaji a gida ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya haɗa ta da tacewa. In Inna ta tace gasara, raba dusa take yi da abin da ya riga ya bi ruwa. A tukunyar toka kuwa ruwan ne ke shiga ya narkar ya fito da kaya.

A jarrabawa ni dai shawarata ka rubuta leaching, ma'anarsu ɗaya da lixiviation, ita ce aka saba gani, kuma ba za ka yi tuntuɓe wajen rubuta ta ba. Lixiviation ka ajiye ta don ranar da ka ci karo da ita a tsohon littafi ko takardar masu ma'adinai. Ɗalibin nan nawa ya koma gida ya gaya wa kakarsa sunan aikinta da Turanci, ta dube shi ta ce to, ya miƙo mata kaskon.