Yadda Za Ka Gane Ko Ƙarar Kare a Wajen Shurɗa Za Ta Hana Ka Aikin Koyarwa a Saudiyya

Galibin rigimar kare a ƙasar nan ba a tsakiyar unguwa take tashi ba. A istiraha ce, wato gidan shaƙatawa na wajen gari, ko gona, ko garken tumaki a bayan gari, inda ake ajiye karen gadi. Kare ya tsinke igiya ya ciji yaron maƙwabta ko ya kashe akuyar wani, a kira shurɗa, wato 'yan sanda, a rubuta sunan wanda aka tarar da karen a hannunsa. Sau da yawa ma karen na kafil ne, wato ubangidan da kake aiki a ƙarƙashinsa, ko na mai gona. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai wata makaranta a Jidda ko Madina ta kira mutum aikin koyarwa, ta ce ya kawo takardar khuluw sawabiƙ, wato shaidar cewa ba shi da tabon laifi, sai gabansa ya faɗi.

Shigar sunanka cikin balagi, wato rahoton ƙara, a ofishin shurɗa ba shi ne sabiƙa (tabon laifi) ba. Sabiƙa tana fitowa ne daga hukuncin kotu na ƙarshe, wanda aka gama ɗaukaka ƙara a kansa ko wa'adin ɗaukakawar ya wuce, kan laifin ganganci mai hukunci mai nauyi. Yawancin maganar kare ba ta kaiwa ko kusa da nan. Amma kada ka dogara da zato, ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: gano inda maganar ta tsaya

Wannan shi ne ginshiƙin komai, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Maganar kare tana iya tsayawa a ɗaya daga wurare huɗu, kowanne da nauyinsa.

Mafi sauƙi ita ce mukhalafa, tarar baladiyya (hukumar gari) ko ta ƙa'idar zauƙul am (ladabin zama cikin jama'a) da aka fara aiki da ita a 2019. A ƙa'idar nan, wanda bai kwashe kashin dabbarsa a wurin jama'a ba tararsa riyal 100 ce, in ya sake 200. Irin wannan ɗan'uwan tarar Sahir ne, kyamarorin kama masu karya dokar hanya: ka biya, magana ta mutu. Duba Efaa, dandalin tarar hukumomi, ka ga ko akwai wadda ta rage a kanka.

Na biyu shi ne mahdar da ta'ahhud, wato rubutaccen bayani da takardar alkawari. An kai ka ofishin shurɗa, an rubuta bayani, an miƙo maka takarda mai layi huɗu ko biyar cewa za ka ɗaure karen kuma ba za a sake ba, ka dangwala yatsa, ka tafi gida. Takardar tana cikin fayil ɗinsu, amma ba hukunci ba ce, don babu alƙalin da ya zauna a kanta.

Na uku, shurɗa sun tura fayil zuwa Niyaba Amma, masu gabatar da ƙara. Su ne ke da ikon ajiye shi, abin da ake kira hifzul ƙadiyya, ko su kai shi kotun laifuka. Na huɗu kuwa shi ne alƙali ya yanke hukunci an ba ka sakki, wato takardar hukunci.

Shiga Najiz, dandalin Ma'aikatar Shari'a, da shaidarka ta Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnati, ka duba ƙararrakin da sunanka yake ciki da kuma buƙatun tanfiz, wato na zartar da hukunci. Sannan ka shiga Absher, dandalin Ma'aikatar Cikin Gida, ka duba ko akwai ta'amim (sanarwar neman mutum) ko hana tafiya a kanka. Idan duk babu komai amma ka san an taɓa tura fayil, koma ofishin shurɗan da aka fara kai ka da iƙamarka (katin izinin zama), ka nemi lambar mu'amala, wato lambar fayil ɗin, da ranar da aka fitar da ita. Da lambar nan ake bin sawun takarda a kowane ofishi, in ba ta sai dai a yi ta tura ka daga wannan taga zuwa waccan.

Mataki na biyu: rufe haƙƙin wanda aka cuta, a rubuce

Shari'a a nan ta raba haƙƙi biyu: haƙƙul khas na wanda kare ya ciza, da haƙƙul am na hukuma. Dokar mu'amalolin farar hula da aka fitar a 2023 ta ɗora wa mai kula da dabba biyan ɓarnar da ta yi, sai dai in ya tabbatar cewa abin ya faru ne ta wani dalilin da ba shi da hannu a ciki. Wannan maganar diyya ce, kuɗin asibiti da arshi (diyyar rauni) ko kuɗin akuya. Biyan diyya ba tabon laifi ba ne.

Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne sulhun baka. Dattawan unguwa sun zauna bayan sallar isha'i, an ba da haƙuri, uban yaro ya ce ya yafe, an sha shayi an watse. Madalla da wannan, amma fayil ɗin shurɗa bai san an yi ba. Sai mai ƙara ya je da kansa ya rubuta tanazul, wato janye ƙara, a inda fayil ɗin yake, ko ku yi sulhu ta dandalin Taradhi, wanda takardarsa take da ƙarfin zartarwa kamar hukunci. In akwai kuɗi a tsakani, tura ta banki ka ajiye rasit, kada ka miƙa a hannu.

Ka kuma sani tanazul yana kashe haƙƙul khas ne kawai. Sau da yawa yana sa Niyaba ta sassauta ko ta ajiye fayil, amma ba dole ba ne.

Abin da ya fi karen haɗari

A gaskiya abin da yake jefa malami cikin matsala shi ne abin da ya biyo bayan cizon. Maƙwabci ya zo da faɗa, aka ba hammata iska, yanzu ƙarar ta koma ta duka. Ko mutum ya saki kare a kan wani da gangan. Raunin ganganci da rahoton likita ya ce warkewarsa za ta wuce kwana 21 yana cikin manyan laifukan da ake tsare mutum a kansu, muddin mai haƙƙi bai janye ba. Haka wanda ya ɗauki bidiyon maƙwabcinsa yana zage-zage ya watsa a WhatsApp ko TikTok: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan ɓata suna. Ga ɗan ƙasar waje, hukunci mai nauyi yana iya ƙarewa da tarhil, wato kora daga ƙasar. Idan maganarka ta taɓo ɗaya daga waɗannan, nemi lauya mai lasisi tun kafin ka amsa tambayar Niyaba. In an riga an yanke hukunci, kwana 30 kake da su na ɗaukaka ƙara.

Mataki na uku: ciro takardar da kanka kafin makaranta ta nema

Ana neman khuluw sawabiƙ ta Absher, kuma sashen Adilla Jina'iyya, mai kula da hujjojin laifuka, shi ne yake fitar da ita bisa zanen yatsu. In tsarin ya ƙi karɓa, je ofishinsu da iƙama mai rai da wasiƙar makarantar da take nema. Ka ciro ɗaya don ka ga abin da ke ciki da idonka, amma ka sani makarantu sabuwa suke so, don haka mai yiwuwa ka sake cirowa dab da sa hannu.

Idan abin a gida ya faru, can za ka nemo. Ɗan Najeriya takardar shaidar hali ta 'yan sanda zai nema ta dandalin POSSAP, a kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga hatimi, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. Ɗan Nijar kuwa kaziye judisiyer mai lamba 3, wato takardar tarihin hukunci, zai karɓo daga kotu. A fassara zuwa Larabci a ofishin tarjama mai lasisi. A nan abin da ya fi dawo da takarda baya shi ne suna: Muhammadu a fasfo, Mohammed a takardar 'yan sanda, Mamman a shaidar digiri. Daidaita da fasfo tun daga farko.

Wanda ya tarar an rubuta masa sabiƙa da gaske, akwai hanyar raddul i'itibar, wato neman a goge ta bayan an gama hukunci kuma wani lokaci ya wuce ba tare da sabon laifi ba.

Mataki na huɗu: teburin shu'unul muwazzafin, ofishin kula da ma'aikata

Aikin koyarwa na gwamnati galibi na 'yan ƙasa ne, kuma cikin sharuɗɗansa akwai kada mutum ya kasance da hukunci a kansa kan laifin da ya taɓa mutunci da amana, irin sata, cin hanci da jabun takardu, sai in wani lokaci ya wuce bayan gama hukuncin. Sakacin ɗaure kare ba ya cikin wannan jinsi. Makarantun ahliyya (masu zaman kansu) da na ƙasa da ƙasa, inda masu iƙama suka fi samu, suna neman amincewar Ma'aikatar Ilimi a kan malami, sannan kowacce da nata fom.

Karanta tambayar fom ɗin sau biyu. In an ce "an taɓa yanke maka hukunci?" kuma maganarka a ta'ahhud ta tsaya, "a'a" gaskiya ce. In an ce "an taɓa bincikarka ko kai ƙararka?", to amsar "e" ce, sai ka ƙara layi biyu: shekara kaza karen gadi ya ciji wani, an biya diyya, an janye ƙara, ga kwafin tanazul a haɗe. Kada ka zauna kana ba mudir, shugaban makarantar, labarin halin maƙwabcin. Abin da yake son ji shi ne ko yara suna cikin aminci a hannunka, da ko akwai shari'ar da za ta riƙa fitar da kai daga aji.

Ɓoyewa ta fi tsada. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ya ba mai aiki damar sallamar ma'aikaci ba sanarwa ba kuɗin ƙarshen aiki in ya tabbata ya yi jabu don samun aikin. A lokacin gwaji kuma, wanda zai iya kai kwana 180, ana iya soke kwantiragin cikin sauƙi. Duba tsawon naka a Qiwa, dandalin kwantiragin aiki, kafin ka danna amincewa.

In har yanzu karen yana hannunka, ajiye katin rigakafin haukan kare tare da sauran takardun, ka gyara igiya da katanga. Balagi na biyu bayan ka dangwala wa ta'ahhud yatsa ba a kallonsa da idon na farko.