Idan barci ya ƙi zuwa a Legas, ga abin yi kafin ya zama ciwon damuwa

Ɗan'uwa da ka baro ƙauye ka zo Ikko neman na kai, da kai nake. A gida ana idar da isha'i gari ya yi tsit, kowa ya nemi makwanci. Nan kuwa a kasuwar Mile 12 tirelolin tumatir da albasa cikin dare suke shigowa, mai gadi idonsa biyu har asuba, a Agege mutum shida a ɗaki ɗaya ga zafi ga sauro ga janareton maƙwabci na ta ƙugi, kai kuma kana kwance kana lissafin kuɗin takin da za ka tura gida.

Rashin barci da ciwon damuwa juna suke ja. Wanda ya daɗe ba ya samun barci haɗarinsa na kamuwa da ciwon ya kusa ninka na sauran mutane, wanda kuma ciwon ya kama sau da yawa a barci ake fara gani, sai ya farka tun ƙarfe 3 na dare ya kasa komawa, tunani kawai.

To fara da goro da shayi. Na san ba za a ji daɗin wannan ba, amma sinadarin da ke cikinsu mai hana barci rabinsa na nan a jiki bayan kamar awa 5, don haka daga la'asar ka haƙura, teburin mai shayi da dare ka je hira kawai ko ka sha madara zalla. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum ko da daren bai yi daɗi ba, ka fita hasken safiya ya taɓa ka. Babba na buƙatar awa 7 ko fiye. Waya kuma a ajiye ta nesa da tabarma, musamman bidiyon hare-haren da ake turowa daga gida a WhatsApp, wallahi ba abin kallon ƙarfe 12 ba ne.

Masu gadi ku yi barcinku na rana a dunƙule, a rufe ido da ƙyalle a toshe kunne. Sauran mu kailula kar ta wuce minti 30. Gidan sauro ma a ɗaura.

Abin da na fi tsoro shi ne kemis. Mutum ya je ya ce a ba shi na barci, daga baliyam sai ya zama ba ya iya runtsawa sai da shi, wani ya zarce tiramol ko kodin, wanda gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018.

Idan ka yi sati 2 zuciya a cunkushe, abinci ba daɗi, sana'ar ma ta fita ranka, kar ka tsaya cewa sammu ne ko mutanen ɓoye. Yi addu'arka, sannan ka je asibiti, ko ƙaramin na unguwa, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, zuwa can ba ya nufin ka haukace. In har tunanin kashe kai ya fara zo maka, ranar nan ka gaya wa wani ɗan ɗakinku ko limami ya raka ka, ko ka kira lambar gaggawa ta 112.