Yaron da ƙoda ke kumbura shi: yadda ake magani da abin da iyaye za su kiyaye

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 ya tashi da safe idanunsa a kumbure, da rana su sace, da yamma ƙafafu su ɗauka, fitsarinsa na kumfa kamar an zuba omo. Bayan ƴan kwanaki ciki ya tashi, in namiji ne marainansa su cika da ruwa. A Damagaram hankali kan fara zuwa ga tamowa, tun da ita ma tana kumbura yara. Amma akwai ciwon ƙoda da likitoci ke kira sandrom nefrotik, inda matatar ƙoda ke sakin furotin na jini, musamman albumin, ya bi fitsari. Albumin ne ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi. In ya yi ƙasa, ruwan sai ya tsiyaye ƙarƙashin fata.

Awon minti ɗaya ke raba gardama. A tsoma bandelet, ɗan tsinken takardar awon nan, cikin fitsarin farko na safe. In furotin ya nuna 3+ ko 4+, a yi awon jini: albumin ƙasa da giram 30 a lita yana tabbatar da cutar. A duba ƙarfin ƙoda da hawan jini a lokaci guda.

Kada a fara magani kafin a nemi abin da ke ɓoye. Maganin yana rage garkuwar jiki, don haka sai an binciki tarin fuka, ciwon hanta nau'in B, sida, zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini. Yaron da ke wanka a tafki a duba masa tsargiya, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki. Jaririn da bai kai shekara ba, yaron da ya haura shekara 12, mai fitsari ja, ko mai hawan jini sosai, ba na ƙaramin asibiti ba ne. A kai shi sashen yara na Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram.

Ginshiƙin magani shi ne prednisone ko prednisolone, waɗanda ake samu a farmasi da sunan Cortancyl ko Solupred. Ana ba da miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro, kada ya wuce 60 a rana, sau ɗaya da safe bayan karin kumallo, mako 4 zuwa 6. Daga nan a koma miligiram 1.5 ga kowane kilo, kada ya wuce 40, rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta, wani mako 4 zuwa 6. Yaro mai kilo 15 ke nan zai fara da miligiram 30: ƙwaya shida masu 5, ko ɗaya da rabi masu 20. Ku duba ƙarfin ƙwayar a jikin kwali duk lokacin da kuka sayo, domin nan ake yawan tafka kuskure. Likita kuma yakan yi lissafi da nauyin yaro na kafin kumburi, ba nauyin ruwa ba.

Yawancin yara ƙanana suna amsawa cikin mako biyu: fitsari ya yawaita, kumburi ya sace. Nan ne hatsarin yake, saboda iyaye kan ce an warke su ajiye magani. Ba ido ke yanke hukunci ba, fitsari ne. Ana cewa cutar ta lafa idan bandelet ba ta nuna furotin ba, ko ta nuna ɗan burbushi kawai, kwana uku a jere, kuma ko a lokacin sai an ƙarasa makonnin da aka rubuta. Yanke maganin farat ɗaya yana iya jefa yaro cikin amai, kasala da faɗuwar jini, domin jikinsa ya rage yin nasa sinadarin kortizol, wanda maganin ke maye gurbinsa. Ku riƙe ƙaramin kaye, wato littafin rubutu: kwanan wata, sakamakon fitsari, yawan ƙwaya, nauyi.

Cin abinci da yawa, kumatu su cika, fushi ba dalili, duk aikin maganin ne, kuma suna wucewa. A riƙa auna hawan jini da tsawon yaro a kowace ziyara.

Batun gishiri ya fi yadda ake zato wuya. Ba na cikin miya kaɗai ba ne: dunƙulen Maggi, yaji mai gishiri, kilishi, kifin gwangwani, har da kanwa, wadda uwaye kan manta da ita alhali tana ɗauke da sodiyom mai yawa, sinadarin nan da ke cikin gishiri. A cire wa yaro nasa kason daga tukunya kafin a sa waɗannan. Wake, ƙwai, nono da nama ya ci daidai kima. Ɗura masa furotin ba ya mai da wanda ya zube.

Furosemide, wato Lasilix, maganin da ke sa yawan fitsari, ba na saye a wurin mai talla ba ne. Yaron yana iya kumbura a waje alhali jijiyoyinsa sun bushe, musamman a zafin Afrilu da Mayu ko in yana zawo. In aka ƙara masa maganin fitsari a wannan hali, ƙoda na iya tsayawa ko jini ya daskare a jijiya. A asibiti ake ba shi, wani lokaci tare da ƙarin albumin ta jijiya a hankali cikin awa 4 ko fiye. Ibuprofen da diclofenac ma a guje su. Don zazzaɓi paracetamol ya isa. Tsaga ko ƙaho a kan fata mai kumburi ƙofar ƙwayoyin cuta ce.

Zazzaɓi da ciwon ciki a irin wannan yaro ba a kwana da su a gida, domin ruwan cikin na iya ruɓa. Haka ma numfashi sama-sama, hannu da ƙafa su yi sanyi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ciwon kai mai tsanani, ko fitsari ya ɗauke. In ƙyanda ko ƙarambau ta shigo gida, ku sanar da likita ranar. Allurar rigakafi mai rayayyar ƙwaya, irin ta ƙyanda da ta shawara, ana ɗage ta yayin da yaro ke kan magani mai ƙarfi.

Ciwon yana dawowa ga mafi yawan yara, sau da dama bayan mura. In aka ga 3+ kwana uku a jere, likita zai mai da shi kan miligiram 2 ga kilo har fitsari ya wanke kwana uku, sannan a rage na mako 4. Wanda ke yawan komawa ana ƙara masa levamisole, cyclophosphamide na mako 8 zuwa 12, ko mycophenolate, tare da awon jini a kai a kai. Wanda kuwa bai amsa ba bayan mako 4 zuwa 6 na cikakken magani, ƙara masa prednisone ba shi da amfani. Yana buƙatar likitan ƙoda, a ɗebi ɗan tsokar ƙodar a duba, a sa shi kan ciclosporine ko tacrolimus, haɗe da enalapril don rage zubar furotin.