Kurakuran da ake yi wajen gwada motar lantarki ta iyali, da yadda za a gyara

Yawancin masu gwada motar lantarki suna yanke shawara ne a minti biyar na farko. Mutum ya taka totur, mota ta zabura ba ƙara ba girgiza, shi ke nan ta shiga ransa. Wannan zaburar kowace motar lantarki tana da ita, mai tsada da mai araha, domin injinta yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tsaye. Saboda haka ba ita ce za ta nuna maka wadda ta fi ba. Abin da ke raba su yana cikin batir, da caji, da kujerar baya.

Yarda da kilomitan da ke jikin takarda

Nan ne aka fi faɗawa. Dillali zai ce maka motar tana yin kilomita 510 da caji ɗaya, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai bai faɗa maka da wane ma'auni aka auna ba. China tana amfani da CLTC, Turai da WLTP, Amurka da EPA. Gwajin China yawancinsa tafiya ce a hankali irin ta cikin gari, shi ya sa adadinsa ya fi kumbura. Ga misali ƙarara: BYD Atto 3 mai batir kWh 60 (kWh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, daidai da yunit ɗin mita), a China ana kiranta Yuan Plus kuma ana rubuta mata kilomita 510, a Turai kuwa 420. Batir ɗaya ne. Idan ka ɗora 510 ɗin nan kusa da 484 na Hyundai Kona mai kWh 64, wanda da WLTP aka auna, za ka ɗauka Kona ce a baya, alhali ita ce a gaba.

Gyaran shi ne ka yi awonka da kanka. Kafin ka tashi, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka rubuta kashi nawa batir yake. Ka yi aƙalla kilomita 30, rabi a cunkoson gari, rabi a babban titi da gudun 100 zuwa 110, iyakwandishan a kunne kamar yadda za ka riƙa yi kullum. Da ka dawo ka duba allo: kWh nawa ta ci a kowane kilomita 100? A gari motar iyali takan ci 14 zuwa 17, a babban titi takan kai 20 ko ta wuce, domin iska ce babbar abokiyar gabarta. Wato akasin motar fetur ke nan, wadda ta fi ƙarancin shan mai a doguwar hanya. Raba girman batir da wannan adadi, ka ninka da 100. Batir 60 a kan 20 ya ba ka kilomita 300. Kuma ba wanda ke tafiya har batir ya kai sifili da iyalinsa a mota. Idan ka bar kashi 10 a ƙasa, ka tashi da 90, abin da ke hannunka kilomita 240 ne. Kano zuwa Kaduna ke nan da ƙyar, babu rara.

Rashin duba bakin caji

Wannan kuskure ba ya bayyana sai mota ta iso gida. Bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motar da aka yi don kasuwar China tana da GB/T, ta Turai Type 2 da CCS2, tsohuwar Nissan Leaf CHAdeMO, ta Amurka kuma CCS1 ko na Tesla. Buɗe murfin ka gani da idonka, sannan ka je wurin cajin da kake sa ran amfani da shi ka tabbatar kansa ya shiga. Akwai adafta, amma ta caji mai sauri tana da tsada, kuma ba kowace ke jituwa da kowace mota ba.

Sai cajin gida, wanda shi ne rayuwar motar ta yau da kullum. Wayar da ke zuwa da mota, wadda ake sa wa a soket, takan ja kilowat 2.3. Batir 60 zai ci fiye da awa 26 kafin ya cika. Cajar bango mai kilowat 7 tana gamawa cikin awa tara ko goma, amma tana jan amfiya 32, don haka tana buƙatar wayarta daban tun daga mita, mai kauri, da birekarta. Idan gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, cajoji da yawa ba za su ma fara aiki ba, haka nan idan wuta ta zo da rauni. Kira mai aikin wuta ya auna kafin ka biya kuɗin mota.

Kada kuma babban adadin caji mai sauri ya ruɗe ka. Tambayi minti nawa take ɗauka daga kashi 10 zuwa 80, domin bayan 80 saurin caji raguwa yake yi a kowace mota.

Zuwa gwaji kai kaɗai

Motar iyali ce, to a zo da iyalin. Batir yana shimfiɗe a ƙarƙashi, ya ɗaga daɓen motar, sai babba ya zauna a baya gwiwoyinsa sun tashi sama, cinyarsa ba ta taɓa kujera. A minti goma ba a ji, a awa uku kuwa sai an ji. Duba ko akwai ƙofar iskar sanyi a baya. Rufin gilashi yana da kyau a ido, amma a watan Afrilu idan ba shi da labule mai kauri yara ne za su gasu. Ɗaura kujerar jariri a ƙugiyoyin ISOFIX ka ga ko mutum biyu za su samu wuri a gefenta. But ɗin Kona ta farko lita 332 ne, na Atto 3 lita 440. Kawo akwatunan da kuke tafiya da su ka jera. Ɗaga shimfiɗar but ɗin: da yawa ba su da safaya, sai ɗan famfo da ruwan faci, wanda ba ya maganin tayar da rami ya yaga a gefe.

Gwada birkin da ke mayar da wuta cikin batir. Da ka ɗaga ƙafa daga totur mota takan rage gudu da kanta, kuma idan ya yi ƙarfi yana sa na baya jiri da tashin zuciya. Nemo inda ake rage shi. A motocin kasuwar China ka tabbatar allon yana komawa harshen da kake karantawa, har cikin ƙananan saituna.

Tsohuwar mota da batirin da ba a auna ba

Fenti mai sheƙi ba ya faɗin lafiyar batir. Sa a jona na'urar bincike a bakin OBD, wato mahaɗar da ake karanta bayanan mota, a karanto maka kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali. Tsohuwar Leaf tana nuna lafiyar batir da sanduna 12 a allo, kuma batirinta ba shi da ruwan sanyaya, don haka zafi yana cinye shi da wuri. A ƙasa mai zafi wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi tunani sau biyu. Tambayi irin batirin: LFP ya fi jure zafi da cikawa zuwa 100, NMC an fi so a tsaya a 80 a ranakun da ba tafiya. A ɗaga motar a leƙa ƙasa, domin lotsewa a kwanon batir daga tudun rage gudu na iya zama asara babba. Garantin batir yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, amma sau da yawa ba ya bin motar da aka fitar daga kasuwar da aka sayar da ita. Nemi a rubuta maka wa zai gyara, kuma a wane gari.

Kwatanta farashin saye kawai

Lissafin da ya dace shi ne kuɗin kilomita 100. Motar da ke cin kWh 18 za ta ja kusan yunit 20 daga mita, saboda ana asarar kashi 10 zuwa 15 wajen caji. Ninka 20 da kuɗin yunit a layinku, ka kwatanta da lita 8 na fetur. Da wutar gari ko sola, lantarki ya yi nasara da nisa. Da ƙaramin janareton fetur kuwa, wanda yawanci ba ya kai yunit 2 a lita, yunit 20 ɗin nan za su sha lita 10 ko fiye, ribar ta tafi. Ƙara kuɗin cajar bango da aikin waya, da tayoyi, waɗanda nauyin batir ke sa su saurin cinyewa. Idan motar tana iya ba da wuta waje, kamar Atto 3 da Hyundai Ioniq 5, ka sa a jona mata fanka ko firiji a gabanka kafin ka lissafa wannan a cikin darajarta.