Yadda za ka gane naka kason a Medicare tun kafin bil ya iso

Jama'a masu iyaye a Amurka, da waɗanda su kansu shekara 65 ta fara leƙo su, ku matso. Da yawanmu mun ɗauka da katin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ya shiga hannu shikenan asibiti kyauta ne, wallahi ba haka ba ne, gwamnati nata kason take biya ta bar maka naka, kuma nakan nan in ba a lura ba sai ya lashe ɗan abin da tsoho ya tara.

Fara da sanin wane ɓangare ne zai biya. Part A na kwanciya asibiti ne. Wanda ya yi aikin shekara 10 ana cire masa haraji ba ya biyan ko sisi a wata, amma in aka ba shi gado, a lissafin 2025, dala 1,676 ɗin farko daga aljihunsa za ta fito. Kuma fa ba sau ɗaya a shekara ba ne, in aka sallame shi ya yi kwana 60 a gida sannan aka sake kwantar da shi, lissafi ya koma sabo.

Part B kuwa, na ganin likita da gwaje-gwaje, nan ne hankalina ya fi tashi. A lissafin 2025, dala 185 duk wata, sai ka fara biyan dala 257 a shekara kafin su sa hannu, daga nan su ɗauki kashi 80 cikin 100 kai ka ɗauki 20. Kashi 20 kamar ba yawa ko? To ba shi da iyaka. In kuɗin da suka amince da shi ya kai dala 10,000, naka 2,000 ne, yanzu ka auna wanda ake wa wankin ƙoda sau uku a sati ko mai jinyar ciwon daji, wata bayan wata abin na taruwa ba inda zai tsaya.

Don haka a toshe ramin da wuri. Akwai Medigap, inshorar kamfani da ke cike giɓin, kuma wata shida na farko bayan Baba ya cika 65 ya shiga Part B ba kamfanin da zai ƙi shi saboda hawan jini ko ciwon suga. In lokacin ya wuce, a yawancin jihohi za su iya ƙi ko su tsuga masa kuɗi. Ko kuma a zaɓi Medicare Advantage, wato tsarin Medicare da ake samu ta hannun kamfanin inshora, shi yana da iyakar abin da za ka kashe a shekara, sai dai ka tabbatar likitansa na cikin jerinsu.

Magani a Part D yake, a 2025 naka kason ba ya wuce dala 2,000 a shekara kan magungunan da tsarinka ya ƙunsa, insulin kuma dala 35 a wata.

In samun Mama kaɗan ne, ku je ofishin Medicaid (tallafin lafiya na masu ƙaramin ƙarfi) na jiharku ku tambayi shirin QMB, shi ke ɗauke kuɗin wata da kashi 20 ɗin, don Allah kar kunya ta hana ku. Alkaluman nan suna canzawa duk shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake sauya tsari. Kuma in tsohuwa za ta je gida Kano ko Kumasi ta daɗe, ku tanadi kuɗin asibiti daban, Medicare na asali, wato Part A da Part B, ba ya biyan jinyar can.